Ma'aunin hali da muka fassara zuwa Sinanci ya ƙi zama: in zubar da jimlolin ko in koma farko?

Ɗan Zazzau a Changsha:

Assalamu alaikum malamaina da 'yan uwa. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa ban taɓa sa baki ba, yau dai larura ta kawo ni. Ina shekara ta biyu a digiri na uku a fannin nazarin halayyar ɗan Adam a Changsha, babban birnin lardin Hunan. Abin da nake son bincika shi ne saɓanin da ake yawan samu tsakanin ma'aikata Sinawa da 'yan Najeriya da ke aiki tare a kamfanonin gine-gine, ko bambancin hali yana da hannu a ciki. Kafin in kai can sai na sami ma'auni guda da zai yi aiki ga kowane ɓangare, kuma da na Sinanci muka fara.

Wanda muka ɗauka shi ne IPIP-NEO mai jimla 120, wanda John Johnson ya fitar a 2014 daga rumbun tambayoyin da Lewis Goldberg ya kafa. Mun zaɓe shi ne saboda kyauta ne, kowa na iya fassarawa ko gyarawa ba sai ya nemi izini ba, saɓanin NEO-PI-R na Costa da McCrae na 1992 mai jimla 240 wanda sai an biya. Yana auna manyan halaye biyar ɗin nan da aka sani: son shiga mutane, daɗin zama da mutane, tsare aiki, saurin damuwa, da buɗaɗɗen tunani. Kowanne ya rabu rassa shida, kowane reshe jimla huɗu. Mutum ya karanta jimla, ya zaɓi lamba daga 1 zuwa 5 gwargwadon yadda ta dace da shi.

Ga yadda muka yi. Ɗalibai biyu Sinawa na ɗakin bincikenmu suka fassara, kowa shi kaɗai, sannan muka zauna muka haɗa. Sai muka ba wata malamar sashen Turanci da ba ta taɓa ganin asalin ba, ta mayar da shi Turanci. Nan ana ce wa wannan mataki huiyi, wato fassarar komawa, hanyar da ake jingina wa Richard Brislin tun 1970. Da muka jera asalin da wanda ya dawo, kusan kalma da kalma suke. Ranar na yi barci da murna. Muka ɗora a Wenjuanxing, shafin tattara amsoshi ta intanet, muka watsa ta manhajar WeChat tare da ɗan hongbao, wato kyautar kuɗi kaɗan, ga duk wanda ya cika. Cikin mako biyu muka sami amsa ɗari huɗu da 'yan kai, mafi yawa ɗaliban jami'a ne na cikin gari.

Da na shiga lissafi ne murna ta koma ciki. Alfa na Cronbach, lambar da ke nuna yadda jimlolin hali ɗaya ke tafiya tare, ya haura 0.70 a halaye huɗu, wannan ba laifi. Buɗaɗɗen tunani ne ya yi ƙasa, musamman reshen sassaucin ra'ayi, jimlolinsa huɗu kamar ba su san juna ba. Da na gwada tsarin rukuni biyar da CFA, lissafin da ke duba ko amsoshi sun bi tsarin da aka zata, CFI, lambar da ke nuna dacewar, bai ko kusanci 0.90 da ake nema ba. Da na sake shi ya raba kansa, sai jimlolin baibai, waɗanda ake juya makinsu, suka taru wuri guda suka yi rukunin kansu, ba ruwansu da halin da aka ce kowacce tana aunawa. Sannan reshen jin kunyar mutane, wanda a asali yana ƙarƙashin saurin damuwa, ya riƙa jingina da tawali'u da daɗin zama.

Ranar Alhamis na gabatar da wannan a taron ɗaki na mako-mako, zuhui. Mai duba aikina ya ce in cire duk jimlar da nauyinta, wato ƙarfin alaƙarta da rukuninta, bai kai 0.40 ba, in bar kuskuren awon wasu jimloli ya haɗu da na wasu a duk inda manhajar lissafi ta nuna, in ci gaba har CFI ya tsallake 0.90. Ya ce haka ake yi, kuma ina buƙatar maƙala a mujalla kafin a bar ni in kare kundina. Mutumin kirki ne, ya taimake ni ƙwarai tun zuwana, kuma na san lokacina yake tausaya wa. Amma da na ƙirga, kusan jimla talatin za su tafi, reshe biyu za su ɓace gaba ɗaya. Zuciyata ba ta kwanta ba. In na yanke har lissafi ya yi kyau, me zan ce na tabbatar? Ma'aunin Johnson ne a Sinanci, ko wani abu da na sassaƙa daga amsar mutum ɗari huɗu?

Sinancina bai wuce mataki na 5 a HSK, jarrabawar Sinanci ta baƙi, ba. Ina karanta jarida da ƙyar, ba ni da kunnen da zai ji ɗanɗanon kalma kamar ɗan gida. Don haka nake roƙon wanda ya taɓa irin wannan aiki ya ba ni shawara: in bi umarni in yanke, ko akwai hanyar da ta fi?

Malama Asabe:

Wa alaikumus salam ƙanena. Kar ka yanke tukuna. Ka bar jimlolin nan yadda suke har sai ka san dalilin da ya sa kowacce ta ƙi zama.

Bari in fara da inda ka yi barci da murna. Fassarar komawa kalmomi take dubawa, ba ta duba fahimta. Fassarar da ta manne wa Turanci kalma da kalma ita ce ta fi dawowa lafiya, ko da ba wani Basine da zai furta irin wannan jimla a gidansu. Ƙwararren mai mayarwa ma yakan gane abin da asalin ke nufi ya gyara maka kuskuren ba tare da ya sani ba. Ƙa'idojin Hukumar Gwaje-gwaje ta Duniya, ITC, bugu na biyu na 2017, guda 18 ne, kuma sun yi gargaɗi a kan dogaro da wannan mataki shi kaɗai. Ka nemo su, kyauta ne, akwai abin da za ka nuna wa malaminka a ciki.

Batun CFA kuwa, ka kwantar da hankalinka. Ma'aunan halaye biyar ba sa cin wannan jarrabawa ko a Turancinsu na asali. CFA yana tilasta wa kowace jimla ta zauna a rukuni ɗaya tak, alaƙarta da sauran huɗun ta zama sifili, alhali halin mutum ba haka yake ba. Mai son jagorantar mutane yana da rabo a son shiga jama'a, yana kuma da rabo a tsare aiki. McCrae da abokansa sun yi wannan magana tun 1996, suka koma juya sakamakon sabuwar ƙasa zuwa ga tsarin asali su ga iya kamanninsu. Marsh da abokansa a 2010 suka nuna da wata hanyar lissafi, ESEM, wadda take barin jimla ta ɗan taɓa wasu rukunai, cewa lissafin yana gyaruwa sosai. Iyakokin nan da ake ta karantowa kamar hadda, irin su CFI 0.95 na Hu da Bentler na 1999, an samo su ne daga gwajin kwaikwayo mai rukuni uku da ma'auni 15. Kai kana da 120.

Mutum ɗari huɗu sun yi kaɗan ga jimla 120 a lokaci guda. Ka tara makin rassa 30, ka yi nazarin a kansu, ka juya zuwa tsarin asali, ka lissafa lambar kamanni ta Tucker, mai nuna yadda tsarinka ya yi kama da na asali, ga kowane hali. Daga 0.85 zuwa 0.94 ana cewa sun yi kama, 0.95 zuwa sama ana ɗaukarsu abu ɗaya. Sannan ka bi kowane reshe shi kaɗai ka ga jimlolinsa huɗu. Amsa mai mataki biyar ba awon tsayi ba ce, ka yi amfani da WLSMV, hanyar lissafin da aka yi don irin wannan amsa, lavaan na manhajar R yana yi.

Amma kafin duk wannan, ka tankaɗe amsoshinka. Wenjuanxing yana ajiye daƙiƙun da kowa ya ɗauka. Wanda hongbao ya kawo shi, ya danna 4 daga sama har ƙasa, shi ne yake haifar maka da rukunin baibai, domin ya amince da "ina cika alkawari" ya kuma amince da "ina saɓa alkawari". Mutum kaɗan irin wannan sun isa su ɓata lissafi. Bayan ka fitar da su, in rukunin bai tafi ba, ka sa masa rukuni na daban a cikin tsarin, na salon amsawa, ka ga abin da ya rage.

Wasu jimlolin baibai kuma ba sakaci ne ke kashe su ba, ma'ana ce ke juyawa. Misalin da duk masu wannan aiki a Sin suka sani shi ne jimla ta 8 a ma'aunin ganin darajar kai na Rosenberg, mai cewa "ina ma a ce na fi haka girmama kaina". A Amurka alamar raina kai ce, ana juya makinta. Sinawa da yawa suna karanta ta a matsayin kyakkyawan buri da kowane mai hankali zai yi, har wanda ya gamsu da kansa yana amincewa da ita. Fassarar ba ta da kuskure, jimlar ce ba ta aiki. Irin wannan lissafi ba zai gaya maka dalilinsa ba.

Abu ɗaya da ba zan sassauta a kai ba: ko da ka yanke, ba za ka yanke a kan amsoshin nan ka kuma ba da rahoton kyawun lissafi a kan su ɗin dai ba. Ka ɗinka riga a jikin mutum, ka ce ga shaida rigar tana yi wa kowa? Sai ka kawo sababbin mutane ka gwada.

Tafinta Xiaobei:

Malam, ni ban san alfa ba ban san CFI ba. Shekara tara nake tafinta a Guangzhou, ina raka 'yan kasuwarmu masana'antu a Foshan da Dongguan, wani lokaci har Yiwu. Amma da na karanta tambayarka sai na ga wurin da zan iya sa baki.

Na farko, ka ce ma'aikatan gini kake nufi, amma ɗaliban jami'a ka tambaya. Sinancin ɗan jami'a daban, na mai walda daga ƙauyen Henan ko Sichuan daban. Jimlar da ɗalibanku biyu suka rubuta da yaren littafi, shi zai karanta ne ya gyaɗa kai don kar ya nuna bai gane ba.

Na biyu, lamba 3 ɗin nan. Ka tambayi Basine yaya abinci, ya ce hai xing, ba laifi. Yaya kasuwa, yiban, haka-haka. Ka yabi aikinsa, ya ce ina, ina, da saura. Na sha ganin mai masana'anta da ya fi kowa iya aikinsa a unguwar, in ka ce masa gwani sai ya kaɗa hannu. Wannan mutumin ka ba shi takarda mai cewa "ina yin fice a abin da nake yi", ba zai taɓa 5 ba ko da kuwa gaskiya ce. Tarbiyya ce. Me kuka rubuta a ƙarƙashin lamba 3? In "ban tabbata ba" kuka sa, wani abu ne, in yiban kuka sa, rabin mutane can za su fake.

Na uku, in akwai jimlolin da ke maganar taron shagali, ka duba kalmar da kuka sa masa. In paidui ce, wannan biki ne irin na Turawa, da kiɗa da baƙin fuska, babban mutum zai ce ba ya zuwa. In juhui ce, ta haɗa har da cin abincin iyali na Sabuwar Shekara, wanda ba mai cewa ba ya so. Akwai kuma yingchou, cin abincin dole da abokan ciniki, wanda mutum ke zuwa sau uku a mako yana magana da kowa alhali ransa ba ya so. Duk ukun za su iya komawa Turanci da kalma ɗaya.

Game da malaminka: kar ka kuskura ka musa masa a gaban ɗalibai. Ka san mianzi, wato fuska, mutuncin mutum a idon jama'a. Ka same shi a ofis shi kaɗai, ka tafi da takarda a hannu, ka ce ka bi shawararsa ka fara duba jimlolin da za a cire, sai ka ci karo da wani abu da kake neman ya haska maka. Ka bar masa ƙofar da zai ce shi ya ga a canza hanya.

Ɗan Zazzau a Changsha:

Allah ya saka da alheri, Malama. Yaya Tafinta, na gode, Allah ya ƙara buɗi. Na yi shiru kwana goma ne saboda na tafi yin abin da kuka ce.

Na fara da tankaɗe. Akwai wanda ya gama jimla 120 cikin minti biyu da 'yan daƙiƙu. Da na fitar da irinsa da masu danna lamba ɗaya tun daga sama, rukunin baibai ya rage ƙarfi sosai, bai dai mutu gaba ɗaya ba. Lamba 3 kuwa, Yaya, ka canka: yiban muka rubuta. Taron shagali kuma jimla ɗaya mun sa paidui, ɗayar juhui, don masu fassara biyun kowa da tasa, kuma dukansu sun dawo Turanci daidai, shi ya sa ba wanda ya lura.

Sai na buga takardar na fita da ita, ni da wata yayarmu a ɗakin bincike, shijie ɗina, wadda ta yarda ta riƙa rubuta abin da ban kama ba. Mun zauna da mutum bakwai, ba ɗalibi ko ɗaya. Tsarin shi ne mutum ya karanta jimla da ƙarfi, ya faɗa da bakinsa abin da ya fahimta, ya zaɓi lamba, ya gaya mana dalili.

Wanda ba zan manta ba shi ne mai shagon taliyar Lanzhou da nake cin abinci wurinsa, Musulmi ne ɗan ƙabilar Hui. Mun je bayan azahar da shago ya yi sauƙi. Ya goge hannunsa da ke da gari a jikin rigar aiki, ya sa tabarau, ya riƙa bin layi da yatsa. Da ya iso jimlar da ke cewa "nakan zaɓi 'yan takara masu sassaucin ra'ayi", yatsan ya tsaya. Ya sake karantawa. Ya ɗago ya dubi shijie, ba ni ba, ya ce wane zaɓe ake nufi? Ta ce ya amsa yadda ya fahimta. Ya yi shiru, ya zagaye 3, ya wuce da sauri. Ta gaba mai cewa yakan zaɓi masu ra'ayin riƙau, ita ma 3. Jimla biyu cikin huɗu na reshen ke nan, an gina su ne a kan zaɓen jam'iyyu irin na Amurka. Ba abin da suke aunawa a nan sai rashin jin daɗin wanda aka tambaya. Wata uku ina kallon lambar reshen nan a kwamfuta ina neman laifin lissafi.

Ɗaya kuma matar da ke gadin ɗakin kwananmu ce, muna ce mata ayi. Jimlar yawan jin baƙin ciki mun fassara ta da youyu. Ta ce wannan kalmar ta mawaƙa ce da 'yan fim, ita ba ta da lokacinta, ta zaɓi 1. Shijie ta tambaye ta, to in abu ya dame ki me kike cewa? Ta dafa ƙirjinta ta ce zuciya takan cushe, barci ya ƙi zuwa, kai ya yi nauyi, kuma hakan na yawan samunta tun da mijinta ya kwanta ciwo. Ga mace tana faɗin abin da jimlar ke nema, ga 1 a takarda. A wannan garin na Changsha ne Arthur Kleinman ya yi bincikensa a 1980 a kan marasa lafiya 100 da aka ce suna da raunin jijiya, shenjing shuairuo, ya ga 87 daga cikinsu sun cika sharuɗɗan ciwon damuwa mai tsanani, sai dai ta jiki suke bayyana shi. Na karanta wannan a aji, ban taɓa haɗa shi da takardata ba sai da na zauna a kan kujerar roba a ɗakin gadi.

Jin kunyar mutane kuma, uku daga cikin bakwai sun ɗauki "ina tsoron jawo hankalin mutane kaina" a matsayin yabo. Ɗaya ya ce ai mutumin da ya san kansa ke nan.

Na sami malamina a ofis kamar yadda Yaya ya ce, da jadawali: jimla, abin da asalin ke nufi, abin da mutane suka fahimta. Ya daɗe a kan shafin zaɓe. Ya yarda a sake fassara, a canza jimlolin siyasa da wasu daga rumbun IPIP, a sake tattara amsa daga ɗaliban makarantun koyon sana'a da ma'aikata. Ya ce zai ci mini zango guda.

Malam Garba Na-Sakkwato:

Ɗana, na ji daɗin labarin mai taliya, zuwa da kai ya fi aike. Amma ina da magana da ta wuce gyaran jimla, kuma a nan na ɗan saba da Malama Asabe.

Duk abin da ta lissafa maka zai nuna ko halaye biyar na Amurka suna samuwa a Sin. Galibi ana samunsu. Ba zai nuna maka abin da ma'aunin bai tambaya ba. Sinawa sun riga ka shan wannan ruwa. Lokacin da Song Weizhen da Fanny Cheung suka yi aiki a kan fassarar Sinanci ta MMPI, ma'aunin Amurka na lafiyar ƙwaƙwalwa, sun ga lafiyayyun mutane suna samun maki mai yawa a ma'aunin damuwa da na taɓin hankali in aka auna su da mizanin Amurka. Daga nan su da Kwok Leung da Zhang Jianxin suka koma tushe, suka tattara siffofin mutum daga littattafan Sinanci da karin magana da bakin jama'a, suka gina ma'aunin hali na Sinawa, CPAI, aka buga shi a 1996. Da aka haɗa shi da ma'aunin halaye biyar a lissafi ɗaya, sai ga wani rukuni ya fito shi kaɗai wanda biyar ɗin ba su ɗauke shi ba: kula da alaƙa, wato renqing, ramuwar alheri da ziyara da kyauta, da kiyaye fuska, da neman zaman lafiya. Wang Dengfeng na Jami'ar Peking ma da ya bi kalmomin Sinanci ya fito da bakwai ne, ba biyar ba.

To kai rigimar wurin aiki kake bincike. Shugaban aiki ya daka wa magidanci tsawa a gaban yaransa, wannan ya ce an ci mutuncinsa. Ma'aikaci ya musa wa injiniya a gaban jama'a, wancan ya ce an zubar masa da fuska. A wane reshe cikin 30 ɗinka wannan yake? Kuma in ka zo fassarar Hausa, kunya za ta yi maka abin da ta yi maka a Changsha. Ma'aunin ya sa ta a layin rauni, mu kuwa yaron da ba shi da ita muke wa addu'a. Ina ganin ka nemi izinin ɗaukar sashen alaƙa na CPAI-2, bugunsa na biyu, ka haɗa.

Sannan ka yi hattara da gwada maki tsakanin ƙasashe. Mudun wannan kasuwa ba shi ne na waccan ba, ko da sunansu ɗaya. A binciken Schmitt da abokansa na 2007 a ƙasashe 56, mutanen gabashin Asiya suna cikin waɗanda suka ba kansu mafi ƙarancin maki a tsare aiki. Wanda ya ga ɗan sakandaren Sin yana shirin gaokao, jarrabawar shiga jami'a, ya san akwai magana. Kowa da na kusa da shi yake gwada kansa, Heine da abokansa sun yi bayanin wannan a 2002.

Malama Asabe:

Malam, ban ƙi taka ba, gaskiya ce. Tsorona lokaci ne. Yaron nan zango ɗaya aka ba shi, in ya buɗe ma'auni na biyu yanzu zai kai shekara. Ƙanena, ka gama wannan tukuna, ka rubuta a fili cewa bai ɗauki renqing da mianzi ba, ka sa su a mataki na gaba.

Batun mudu kuwa akwai gwajinsa, mataki uku: tsari iri ɗaya ne a ɓangarorin biyu, nauyin jimloli iri ɗaya ne, sannan mafarin awo iri ɗaya ne. In CFI ya faɗi da fiye da 0.01 daga mataki zuwa mataki, ka tsaya, ƙa'idar Cheung da Rensvold ke nan ta 2002. In ba ka tsallake na uku ba, ba ka da ikon cewa waɗannan sun fi waɗancan tsare aiki. Abin da Tafinta ya gani a kasuwa ma an auna shi: Chen da Lee da Stevenson a 1995 sun ga ɗaliban sakandare na Japan da Taiwan sun fi na Amurka da Kanada fakewa a tsakiya. Ka kuma sa wani ma'auni da aka riga aka inganta a Sinanci kusa da naka, kamar BFI-2 mai jimla 60 ko CBF-PI, ka ga ko suna tafiya tare. Ka sake ba wasu mutanen takardar bayan mako uku ko huɗu.

Ɗan Zazzau a Changsha:

Baba Malam, Allah ya ƙara girma. Misalin magidancin da aka daka wa tsawa ya taɓa ni, domin da idona na ga irinsa lokacin da nake aikin wucin gadi a wani wurin gini kafin in taho, shi ne ma asalin abin da ya sa na zaɓi wannan batu. Zan bi tsarin Malama a wannan zango, amma na riga na rubuta wasiƙar neman izinin CPAI-2, ko amsa ta zo a makare tana nan don mataki na biyu.

Jiya mun zauna mu biyar a kan sabuwar fassara: masu fassara biyu, shijie, wani tsohon shugaban ma'aikatan gini da ya yi shekaru a Afirka, da ni. Awa uku muka yi, jimla 22 kawai muka gama. Youyu ta fita, mun sa magana ta yau da kullum mai nufin rai ba daɗi. Taron shagali mun daidaita a kan wurin da ke da renao, cikowa da hayaniyar jama'a, a jimlolin biyu. Lamba 3 ta koma "tsaka-tsaki, ba ta dace ba kuma ba ta saɓa ba". Mun maƙale a kan "ina ɗaukar ragamar al'amura". Tsohon ya ce in an rubuta ta yadda take, ma'aikaci zai ji kamar ana tambayarsa ko yana shiga gaban shugabansa, zai ce a'a ko da shi ne mai tsara wa ƙungiyarsu komai.

Yaya Tafinta, a masana'antun da kake zuwa, me suke ce wa mutumin da in aiki ya rikice kowa shi yake kallo, alhali ba shi da muƙami? Zamanmu na gaba ranar Talata ne, in ka samo mini kafin nan zan kai musu.